BABI NA UKU: Ƙa'idojin Shiga Ƙasa da Kuɗin Fito a Kudancin Kano, Daga Zamanin Fatake Zuwa Zamanin Fasfo

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yanayin ƙasa da kuma al'ummomin da ke zaune a ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin duba irin sharuɗɗan da ake gindaya wa baƙo kafin ya shiga ƙasa, da abin da ake karɓa a kan kayansa, kamar yadda suka shafi wannan yanki. Ana iya tambaya, me ya haɗa waɗannan garuruwa da maganar kan iyaka, alhali kuwa a yau duk wanda ya tashi daga Bebeji zai nufi Jamhuriyar Nijar sai ya wuce birnin Kano, ya ratsa Jihar Katsina ko Jihar Jigawa kafin ya ga shingen kwastan? Amsar ita ce, a ƙarni na goma sha tara yankin shi ne bakin ƙasar Kano ta kudu, kuma ta nan ne baƙi daga Zazzau da Nufe da ƙasar Yarabawa suke fara taka ƙasar Sarkin Kano.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin jama'a, wai kafin zuwan Turawa babu iyaka a ƙasar Hausa, kowa na tafiya inda ya ga dama ba tare da an tambaye shi komai ba. Wannan babi zai nuna cewa maganar ba ta da tushe. An san iyaka, an san izini, an kuma san biyan kuɗi a kan kaya. Abin da ya sauya shi ne wanda yake tsaya wa matafiyi, da kuma abin da matafiyin yake samu a madadin kuɗin da ya biya.

3.1 Iyakoki biyu a yanki ɗaya

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda aka fara a 1804, Kano da Zazzau sun kasance ƙarƙashin tuta ɗaya, kuma Wazirin Sakkwato ne yake sa ido a kan al'amuransu. Saboda haka iyakar da ke tsakaninsu, wadda ta bi ta bayan ƙasar Ƙiru da Bebeji, iyaka ce ta zaman lafiya. Duk da haka kowane sarki ya san inda ikonsa ya tsaya, ya san garin da harajinsa yake zuwa gare shi. Ayarin da ya fito daga birnin Kano yakan yada zango a Madobi, kashegari ya kwana Bebeji, daga nan kuma sai a fara lissafin kwanakin shiga ƙasar Zazzau. Baturen nan Kyaftin Clapperton, wanda Hausawa suka sani da suna Abdullahi, ya bi ta Bebeji a 1826, ya ƙiyasta mutanen garin da fiye da 20,000, ya kuma lura cewa fatauci ne babbar sana'arsu.

Ta fuskar kudu maso gabas kuwa, wato ƙasar Tudun Wada da Doguwa, al'amarin ya sha bamban. A wajen 1846, zamanin Sarkin Kano Usman, wani malami mai suna Malam Hamza ya tashi daga Tsakuwa tare da jama'arsa saboda saɓani a kan kuɗin ƙasa, ya shige duwatsun Ningi. Magadansa, irin su Ɗan Maje da Haruna da Ɗan Yaya, sun shafe kusan rabin ƙarni suna kai hare-hare kudancin Kano. Sarkin Kano Abdullahi Maje Ƙarofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya kashe shekaru masu yawa na mulkinsa wajen tsare wannan gefe, aka ƙarfafa garuruwan ribaɗi masu ganuwa irin su Tudun Wadan Ɗankadai da Burumburum. Abin lura a nan shi ne, rigimar haraji ce ta haifar da wannan iyaka tun farko. A irin wannan wuri ba a maganar fito, domin wanda ya ƙetara ba da sani ba, shi kansa ne yake zama kaya.

3.2 Wanda yake tsaya wa baƙo

Abu na farko da ake nema daga baƙo a wancan zamani shi ne a san ko shi wane ne, kuma na wane ne. Ba takarda ce ke amsa wannan tambaya ba, mutum ne. Falke ba ya tafiya shi kaɗai, sai a cikin ayari, ayari kuwa yana da madugu, da jagaba mai shige gaba don duba hanya da wurin sauka, da uban dawaki, da malami mai riƙe lissafi da zaɓar ranar tashi. Idan ayari ya iso gari ba ya faɗawa ciki kai tsaye. A zango ake sauke shi, madugu ya je ya gai da sarkin gari, ya faɗi inda suka fito da inda suka nufa da irin kayan da suke ɗauke da shi. Duk laifin da wani ɗan ayari ya yi, madugu za a nema. Idan kuma baƙo zai daɗe yana ciniki, to sai ya sami fatoma, wato maigidan da zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillalai, ya kuma tsaya masa idan magana ta kai gaban alƙali. Garuruwa masu ganuwa suna rufe ƙofa da almuru, wanda ya makara sai ya kwana a waje.

Manyan baƙi kuwa, kamar manzannin sarakuna da Larabawa masu dukiya da Turawa 'yan yawon bincike, su wasiƙa mai hatimi ake nema daga gare su, a kuma haɗa su da ɗan rakiya daga wannan sarki zuwa wancan. Wannan ya yi daidai da abin da malaman fiƙihu suke kira aminci, wato alkawarin tsaro da shugaba yake ba wanda ba ɗan ƙasa ba na wani lokaci. Ɗan rakiyar nan aiki biyu yake yi: yana tsare baƙo daga masu cuta, yana kuma tsare ƙasa daga baƙon, domin shi ne idon sarki a kansa.

Labarin Clapperton da yaronsa Richard Lander ya isa misali a kan cewa waɗannan ƙa'idoji ba na wasa ba ne. Lokacin da Clapperton ya iso a 1826, yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka, har da makamai, waɗanda zai kai wa Shehun Barno Muhammadu Al-Kanemi. Sai aka yi rashin sa'a a daidai wannan lokaci Barno da Sakkwato suna gaba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sa aka taho da Lander da kayan daga Kano zuwa Sakkwato, ya karɓe wasiƙar da abin da aka yi niyyar kai wa Barno, ya kuma hana baƙon nasa wucewa can. Clapperton ya ɗauki wannan a matsayin cin amana, to amma idan aka duba da idon basira, babu wata hukuma a duniya, a da ko a yanzu, da za ta bar a bi ta cikin ƙasarta a kai wa abokin gabarta makami.

Bayan rasuwar Clapperton a watan Afrilu 1827, Lander ya kamo hanyar gida. Ya baro Kano ta hanyar Bebeji, amma maimakon ya bi ta Zariya kamar yadda suka zo, sai ya yi kudu da nufin ya kai Fanda ya bi Kogin Kwara har teku. A watan Yuni ya kai Daroro, can kudancin ƙasar Zazzau, sai ga mahaya ɗauke da makamai daga Sarkin Zazzau, suka juyo da shi har birnin Zariya. Dalilin da aka ba shi shi ne Fanda ba ta ga maciji da Sarkin Musulmi. Daga bisani an sallame shi, ya bi hanyar da aka amince masa, ya isa Badagiri a ƙarshen shekarar. Wannan na nuna cewa izinin da ake ba baƙo na hanya guda ne sananniya, ba na ƙasa baki ɗaya ba, kuma labarin motsin baƙo yakan riga shi isa fada.

3.3 Fito da garama da gaisuwa

Kalmar fito asalinta ƙetarar da mutum ko kaya ne a kogi, kuɗin fito kuwa shi ne ladan mai jirgi da rabon sarkin da mashigin yake hannunsa. Sannu a hankali ma'anar ta faɗaɗa ta haɗa da duk abin da aka biya don a wuce da kaya. Garama ita ce abin da ake yankawa a kan kowane kaya, na jaki ko na takarkari ko na ɗan dako, a garuruwan da ke kan hanya. Gaisuwa kuwa ba ta da ƙayyadadden adadi, sai yadda girman ayari da girman sarki suka kama, kuma sau da yawa sarki yakan mayar da tukuici ko ya aiko da abinci zango. Da wuri ake biya, ko kuma da wani yanki na kayan, kamar turmin zane ko ƙwaryar goro. Madugu ne yake yin ciniki a madadin kowa, sannan a raba nauyin a kan 'yan ayari gwargwadon kayan kowannensu. Ƙwarewar madugu ke nan: ya san inda za a tsaya a ja, da inda za a biya ba musu, da kuma garin da ya fi kyau a kewaye shi.

Kayan da ke fita ta wannan yanki sun haɗa da tufafin Kano da jemammun fatu da kanwa da dabbobi, masu shigowa kuma akwai goro, ga kuzar da ake narkawa a Riruwai ta ƙasar Doguwa. Ba za a ɓoye ba, har da bayi a cikin abin da ake ƙirgawa a matsayin kaya, musamman waɗanda ake kawowa daga kudancin Zazzau zuwa kasuwar Kano.

Malaman jihadi ba su yi na'am da yawancin waɗannan kuɗaɗe ba. A cikin littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ya lissafa ɗora wa 'yan kasuwa da matafiya haraji a cikin miyagun al'adun sarakunan Haɓe. Abin da shari'a ta sani shi ne zakka a kan Musulmi, da ushira a kan fataken da ba Musulmi ba, wadda aka faro tun zamanin Halifa Umar. Amma al'ada ta fi ƙarfin alƙalami, domin kuwa ba a daɗe ba gaisuwa ta dawo fadojin sababbin sarakuna. Duk da haka, nauyin ya fi yawa ne bayan an fita daga ƙasashen daular. Kamar yadda Lovejoy (1980) ya nuna a nazarinsa kan fataucin goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe hanyar Gwanja, kuma bayan sun ƙetare Kwara sai sun bi ta ƙasar Bargu, inda kowane ƙaramin sarki yake da nasa rabon, wanda ya ƙi biya kuma a tare shi a daji.

A nan ne ya kamata a fahimci ma'anar kuɗin. Falken da ya biya yana sa ran abubuwa sanannu: wurin sauka, da ruwa, da izinin cin kasuwa, da tsaro har zuwa iyakar ikon wanda ya karɓa. Idan aka yi wa ayari fashi a ƙasar sarkin da ya ci gaisuwarsa, abin kunya ne gare shi, kuma fatake suna da hanyar ramawa, wato su sauya hanya a shekara mai zuwa su bar kasuwarsa ta mutu. Wannan tsoro shi ne ya kan hana sarakuna wuce gona da iri.

3.4 Zuwan Turawa da ƙaurar iyaka

Yaƙin da ya kawo ƙarshen wancan tsari shi ma yana da alaƙa da ƙetare iyaka. A watan Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Razdan Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Sarki Aliyu Babba kuma ya karɓe shi hannu bibbiyu. Gwamna Lugard, wanda Hausawa ke kira Lugga, ya riƙi wannan a cikin hujjojinsa. Ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji baƙar fata fiye da 700, kuma Bebeji ne gari na farko da ya rufe musu ƙofa. Kyaftin Abadie, wanda aka fi sani da Mai Jimina, ya matso gindin ganuwa ya nemi a buɗe, aka ƙi, domin akwai umarnin Sarkin Kano. Sai aka harba igwa ta fasa ƙofar, Sarkin Bebeji da mutanensa da dama suka rasa rayukansu. Ranar 3 ga Fabrairu aka ci birnin Kano, a lokacin Sarki Aliyu yana ƙasar Sakkwato. Tun daga wannan rana ƙofar Bebeji ba ta sake zama wurin da ake tambayar baƙo izini ba.

Sai dai Turawan da suka zo da kirarin buɗe hanyoyin ciniki ba su yafe kuɗin fito ba. A 1903 ɗin nan gwamnatin Lugga ta kafa nata harajin ayari, kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardi da aka ratsa, har zuwa kashi 15. Da yake Kano lardi ce, Zariya ma lardi ce, falken da ya bi hanyar Bebeji ya ci gaba da biya, sai dai yanzu malamin gwamnati ne yake ƙiyasta kayan, ya ba da takardar shaida, ba kuma a cinikin ragi da takarda. Hujjar gwamnati ita ce ta kawar da 'yan fashi da mahara, don haka ta cancanci abin da sarakuna ke karɓa a da. Harajin ya sha suka, har daga kamfanonin Ingila waɗanda suke ganin yana tsadar da hajarsu, aka soke shi a 1907.

A daidai wannan lokaci iyakar gaske tana ƙaura zuwa arewa. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su ne suka shata layin da ya raba Nijeriya da Nijar, aka kuma kafa alamominsa tsakanin 1906 da 1908. Katsina da Daura suka faɗo gefen Ingila, Maraɗi da Damagaram suka faɗa gefen Faransa. A 1911 layin dogo ya iso Kano daga Zariya, ya bi ta Ɗangora da Madobi, ya bar garin Bebeji a gefe. Kayan da jirgin ƙasa ya ɗauko daga Ikko an riga an biya musu kwastan a bakin teku, ba su da bukatar zango ko fatoma a hanya. Wannan, fiye da igwar Morland, shi ne ya rage wa garuruwan zango armashi.

Rayuwar Alhaji Alhassan Ɗantata ta ratsa zamunan biyu. An haife shi a Bebeji a 1877 a gidan Agalawa, mahaifinsa Abdullahi madugu ne. Shi kuwa da ya tashi, maimakon ya dogara ga tsohuwar hanyar Gwanja mai cin watanni, sai ya riƙa sayen goro a ƙasar Gana ta yau ana ɗora masa a jirgin ruwa zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya zo, ya shiga cinikin gyaɗa a Kano, har ya zama attajirin da babu kamarsa a zamaninsa kafin rasuwarsa a 1955. Ɗan madugu ne, amma dukiyarsa ta bi ta tashar jirgin ruwa da takardun kwastan. Waɗanda suka kasa yin irin wannan sauyi, wato ƙananan fatake masu jaki biyu ko uku, tarihi bai riƙe sunayensu ba.

3.5 Zamanin fasfo

A 1958 aka yi dokar da ta tsara aikin kwastan a Nijeriya, wadda ta yi aiki har zuwa 2023 da aka maye gurbinta da sabuwa. A 1958 ɗin ne kuma aka cire aikin shige da fice daga hannun 'yan sanda, sannan aka yi masa doka a 1963, aka sabunta ta a 2015. Daga nan tambayoyin da madugu yake amsawa da baki suka koma kan takarda: fasfo ya faɗi ko wane ne mutum, biza ta nuna izini, katin allurar shawara ya shaidi lafiyarsa, kuma wanda yake ɗauke da kuɗin da suka haura dalar Amurka 10,000 wajibi ne ya bayyana su. Ga mutumin Tudun Wada ko Doguwa mai niyyar aikin Hajji, bakin iyakarsa shi ne filin jirgin sama na Malam Aminu Kano.

Hausawan da suka fara ɗanɗana kuɗar wannan sauyi su ne jikokin fataken da suka zauna a zangunan Gana. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutumin da aka haifa a zangon Kumasi, wanda kowa ya san kakansa da fatoman da ya sauke shi, ya wayi gari ba shi da shaidar da hukuma ta yarda da ita. Nijeriya ma ta yi irin wannan kora a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, duk da cewa ƙungiyar ECOWAS da aka kafa a 1975 ta amince tun 1979 cewa ɗan kowace ƙasa a cikinta na iya shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. An rufe iyakokin ƙasa na tudu daga 1984 zuwa 1986, aka sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan aka rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. A duk waɗannan lokuta babu wani madugu da aka zauna da shi aka yi ciniki, sanarwa kawai ake ji a rediyo. Ba abin mamaki ba ne da kalmar fito ta sami sabuwar ma'ana a bakin 'yan kasuwa, inda 'yan fito suka zama masu shigo wa mutum da kaya daga ƙetare ta hanyar da su kaɗai suka sani.

Shi kuwa kudancin Kano, a bisa tsarin mulki na 1999 ba shi da sauran matsayin iyaka, domin sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, kuma kwastan da shige da fice aikin Gwamnatin Tarayya ne ita kaɗai. Amma direbobin da ke bin titin Zariya, ko hanyar Jos wadda ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa, sun saba da tsayawa a shingaye ana duba abin da suka ɗauko, musamman bayan hana shigo da shinkafa ta kan tudu a 2016. A ƙarshen watan Maris 2020, lokacin annobar korona, Gwamnatin Jihar Kano ta rufe hanyoyin shigowa jihar, aka datse titi a Kwanar Ɗangora, ba nisa da inda ƙasar Kano ta yi iyaka da Zazzau tun zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Motocin abinci da na mai aka bari su wuce, na fasinja kuwa aka juya da su inda suka fito. Wasu matafiyan suka sauka, suka hau babura, suka bi ta gonaki da hanyoyin ƙauye har suka ɓullo bayan shingen.